Yadda ake tsara abinci da kula da ciki ga mai fama da rikicewar bugun zuciya

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. A jikin mai lafiya na saman ne ke fara matsawa, na ƙasa su biyo baya, bugu ya riƙa tafiya daidai, sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan mutum yana hutawa. A ciwon da likitoci ke kira AF, ɗakunan sama sai su bar matsawa su koma karkarwa, bugun ya rikice: ya yi gudu, ya ɗan tsaya, ya sake zabura. Masu shi kan ce "gabana ke faɗuwa haka kawai", ko "zuciyata kamar za ta tsaga ƙirji ta fito". Wasu yana zuwar musu da haki da jiri da kasala, wasu kuwa ba sa jin komai sai an auna su. Babban abin tsoro a cikinsa shi ne jini kan kwanta a wani lungu na ɗakin hagu na sama ya daskare, gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa. Shi ya sa haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga mai AF ya ninka na sauran mutane kusan sau biyar.

Na daɗe ina zama da masu wannan ciwo da iyalansu a nan Jos muna gyara tukunya tare, kuma abin da nake fara gaya wa kowa ke nan: abinci yana rage yawan tashin ciwon, yana sauke hawan jini da ƙiba, yana taimaka wa magani ya yi aikinsa. Amma babu wata miya ko jiƙo da ke hana jini daskarewa a zuciya kamar yadda maganin tsinka jini ke yi. Duk abin da ke ƙasa, tare da maganin likita ake yin sa.

Kayan da za ka tanada

Littafin rubutu mai ɗan kauri da biro. Agogo mai hannun daƙiƙa, ko na waya. Cokalin shayi guda ɗaya da za a keɓe don awon gishiri. Gorar ruwa mai cin lita ɗaya. Faranti madaidaici, wanda bai kai tiren da aka saba zuba tuwo a kai ba. Tef irin na tela. Na'urar awon hawan jini da sikeli, idan da hali. Idan babu, ka zaɓi kemis ɗaya ko ƙaramin asibitin unguwa ka riƙa zuwa can sau ɗaya a mako, a na'ura ɗaya, a kusan lokaci ɗaya. Sai takarda mai ɗauke da sunayen duk magungunan da kake sha da adadinsu. A ƙarshe, ka nemi goyon bayan mai girki. Idan uwargida ko 'yarka ce ke riƙe da murhu, ku karanta wannan tare, domin rabin aikin a hannunta yake.

Mataki na 1: Tabbatar da ciwon, ka san musabbabinsa

Faɗuwar gaba iri-iri ce, kuma gwajin ECG, wato na'urar da ke zana bugun zuciya a takarda, shi kaɗai ke tabbatar da cewa AF ce. Ana yin sa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, da Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, da asibitin Bingham da aka fi sani da Jankwano. Ka tambayi likita abubuwa uku: me ya jawo maka shi, wane maganin tsinka jini aka ba ka, kuma yaya ƙodarka take. A ƙasarmu hawan jini ne kan gaba wajen jawo shi, sai lalacewar ƙofofin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba a yi maganinsa ba, sai ciwon suga da ƙiba da yawan aikin ƙullutun wuya da ke kawo maƙoƙo. Amsoshin nan uku su za su nuna maka waɗanne matakai ne suka fi shafar ka.

Mataki na 2: Koyi jin bugunka, ka buɗe littafi

Zauna ka huta minti biyar. Ɗora yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, a wuyan hannu ta gefen babban yatsa. Ƙirga na minti ɗaya cur. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙirga na daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu. Wannan lissafi ba ya aiki ga bugun da ba ya tafiya daidai. Na'urar awon jini ma takan ruɗe da irin wannan bugu, don haka ka auna sau uku ka rubuta duka.

Makonni biyu na farko kada ka canza komai a abincinka. Rubutu kawai. Kowace rana ka rubuta abin da ka ci da lokacin, abin da ka sha, goro nawa ka tauna, ƙarfe nawa ka kwanta, ko ka yi ƙwannafi ko kumburin ciki, ko ka yi bayan gida cikin sauƙi, sannan lokacin da zuciyar ta tashi da tsawon da ta ɗauka. Wannan littafi ya fi duk wata shawara da zan ba ka daraja, saboda abin da ke tayar wa Malam Wane da ciwo ba lalle ne ya tayar maka ba. Wani tuwon dare mai nauyi ne, wani ruwan sanyi ƙarara, wani rashin barci, wani ɓacin rai. Idan ka ga abu ɗaya ya riga tashin ciwon sau uku ko huɗu, ka janye shi kaɗai na mako biyu ka gani. Kada ka janye abubuwa biyar a lokaci guda, ba za ka gane mai laifin ba, kuma yunwa za ta sa ka watsar da tsarin baki ɗaya.

Wanda ba ya rubutu, ya sa jikansa ya riƙa rubuta masa bayan sallar isha'i, ko ya ɗauki muryarsa a waya.

Mataki na 3: Gishiri, magi da kanwa

Nan ne aikin ya fi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin cokalin shayi ɗaya a shafe, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye cikin burodi, indomi, kilishi, yajin tsire, sadin ɗin gwangwani da dunƙulen magi. Kusan rabin nauyin dunƙule gishiri ne. Tukunyar da aka jefa wa dunƙule shida sannan aka bi da gishiri, ta riga ta wuce gona da iri tun kafin a sauke.

Ga yadda nake sa a yi. Da safe mai girki ta ƙirga mutanen gida, ta auna gishirin yini a ɗan kofi, ƙasa da cokalin shayi ɗaya ga kowane babba, daga nan za ta ɗiba har dare. Makon farko a rage kashi ɗaya cikin huɗu na magin da aka saba, bayan mako biyu a sake ragewa. Harshe yakan saba cikin 'yan makonni. Idan aka yanke gaba ɗaya rana ɗaya, maigida zai ce miya lami ce, ya aika a sayo masa tsire, an yi ba a yi ba ke nan. Giɓin ɗanɗano kuma a cike shi da daddawa, albasa da aka soya ta yi ja, tafarnuwa, citta, tumatir ɗin da ya nuna sosai, busasshen kifi da aka wanke da ruwan zafi, da matsin lemon tsami a ƙarshe. Kuma tukunya ɗaya za a yi wa kowa. Ware wa mai ciwo tasa miyar daban ba ya ɗorewa, yana kuma sa shi jin kamar an fitar da shi daga cikin iyali.

Kanwa kuwa a ajiye ta. Sinadarin sodiyam da ke cikin gishiri shi ne a cikinta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya da ke kama masu jego da shan kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Bekin soda ma ɗan uwanta ne, ba mafita ba ce. Idan wake ake so ya yi laushi, a jiƙa shi tun dare, a zubar da ruwan, a dafa da sabo. Hakan yana rage kumburin ciki ma. Kuɓewa a goga ta ko a yanka ƙanana, a bar tukunya a buɗe, za ta yi yauƙi.

Gargaɗi: akwai gishirin da ake sayarwa a manyan kantuna da sunan na masu hawan jini, wanda aka haɗa da sinadarin fotasiyam. Mai ciwon ƙoda, ko mai shan magungunan hawan jini irin su lisinopril, losartan ko spironolactone, kada ya taɓa shi sai likita ya amince.

Mataki na 4: Sauƙaƙa wa ciki

Bututun da abinci ke bi zuwa tumbi, a bayan ɗakin hagu na sama na zuciya yake wucewa, jingine da shi. Akwai kuma wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa tana kula da zuciya da kayan ciki a tare. Wannan maƙwabtaka ce ke sa wasu su ji zuciya ta tashi bayan sun cika ciki, ko lokacin ƙwannafi, ko cikin dare suna kwance. Na ga mutane da yawa da tashin ciwonsu ya ragu sosai daga gyaran abincin dare kaɗai.

Raba farantinka haka: rabi kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu tuwo ko shinkafa ko dankali, sauran wake ko kifi ko kaza ko nama mara kitse. Malmalar tuwo ta zama kamar dunƙulen hannunka. Abinci mai nauyi a mayar da shi rana, na dare ya zama mai sauƙi, kuma a ci shi awa uku kafin kwanciya. A Jos Allah ya hore mana abin da ya dace da wannan: gwaten acha da alayyahu da yakuwa da gauta da ɗan gyaɗa, ba tare da an malala masa mai ba. Acha tana samuwa a kasuwar Katako, kayan lambu kuwa Farin Gada ta ishe ka, da sassafe suka fi kyau da araha. Idan acha ta yi tsada, tsakin masara ko na dawa ya wadatar.

Ci a zaune, a hankali, a tauna sosai. Lemon kwalba mai gas a kan abinci yana cika ciki da iska, a bar shi. Soye-soye, su ƙosai da masa da soyayyen dankali, a mayar da su na lokaci-lokaci. Alale da dafaffen dankali su maye gurbinsu. Barkono ba ya cutar da zuciya, amma idan littafinka ya nuna yana ba ka ƙwannafi, ka rage.

Mai ƙwannafin dare ya ɗaga kan gadonsa da bulo ko katako, kamar santimita 15 zuwa 20. Tara filo ba ya yin wannan aiki, lanƙwasa ciki kawai yake yi. Za ka ji ana cewa kwanciya ta ɓarin hagu na rage ƙwannafi, kuma gaskiya ne, sai dai wasu masu AF a wannan ɓarin ne suke jin zuciyar ta fi tashi. Gwada ka ga wanda jikinka ya karɓa.

Taurin bayan gida ma a kula da shi, domin yunƙuri mai ƙarfi yana taɓa bugun zuciya, ga mai shan maganin tsinka jini kuma yana iya fasa basir. Wake, gero da dawa da ba a surfe su fes ba, gwanda, kuɓewa, kabeji da isasshen ruwa su ne maganinsa. A ƙara su sannu-sannu don kada ciki ya kumbura. Nonon da aka dafa kafin a ɗaura, ko yogot mara suga, yana yi wa hanji kyau. Idan kana shan omeprazole, maganin ƙwannafi da olsa, wata da watanni, ka sanar da likita, domin daɗewa a kansa yana iya rage magnesiyam a jini, ƙarancinsa kuma yana rikita bugu. Mai yawan ciwon olsa ya nemi a yi masa gwajin ƙwayar cutar da ke haddasa ta, a kashe ta, maimakon ya dawwama a kan maganin kemis.

Mataki na 5: Ganye da warfarin

Wannan matakin na masu shan warfarin ne, ɗaya daga cikin magungunan tsinka jini. Masu shan sauran magungunan tsinka jini, apixaban, rivaroxaban ko dabigatran, ganye bai dame su ba, sai dai rivaroxaban tare da abinci ake shan sa don ya shiga jiki yadda ya kamata.

Warfarin yana aiki ne ta hanyar danne bitamin K, koren ganye kuma cike yake da shi: alayyahu, zogale, ugu, latas, kabeji, burokoli, ka sa kuka da rama da yakuwa a sahunsu. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake gaya wa mutane su bar ganye kwata-kwata. Sai mutum ya yi wata biyu bai ci ba, rannan a yi biki ya ci kwaɗon zogale ya ƙoshi, awon jininsa ya birkice. Abin da ake so shi ne daidaito. Ka tsayar da adadi, misali ludayi ɗaya ko biyu na miyar ganye kullum, ka dawwama a kai, likita ya saita maganin bisa wannan cin naka. Mu a Jos wannan bai yi wuya ba, tunda masu lambu suna ban-ruwa daga kududdufan tsofaffin ramukan kuza, ganye ba ya yankewa rani da damina.

Gwajin da ke nuna ko maganin ya daidaita shi ne INR. Ga yawancin masu AF ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3. Wanda aka sa wa ƙofar zuciya ta ƙarfe ana iya ɗaga masa sama da haka. Rubuta kowane sakamako a littafinka. Idan za ka yi tafiya mai tsawo, ko za ka canza abinci don rage ƙiba, ka faɗa a asibiti a matso da ranar gwaji.

Mataki na 6: Fotasiyam, magnesiyam da ranar gudawa

Wutar da ke tafiyar da bugun zuciya tana bukatar waɗannan sinadarai biyu. Daga abinci za ka neme su: ayaba, lemon zaƙi, fiya, tumatir, dankalin Hausa, dankalin Turawa irin na Bokkos da Mangu, wake, gyaɗa mara gishiri, riɗi, gero. Kada ka sayi ƙwayoyinsu da kanka. Mai ciwon ƙoda kuwa shi fotasiyam taruwa yake yi masa a jini, sai ya bi adadin da aka yanka masa a asibiti.

Gudawa da amai suna kwashe sinadaran nan cikin sa'o'i kaɗan, musamman ga mai shan maganin sa fitsari ko maganin zuciya na digoxin. Da ta fara, ka haɗa ruwan gishiri da suga na leda da ake sayarwa a kemis. Idan babu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, cokalin shayi shida na suga a shafe, rabin cokalin shayi na gishiri. A nan ba a rowar gishiri. Ka riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Babban kuskure: mun saba da cikinmu ya murɗa mu haɗiyi Flagyl ko Septrin. Ga mai shan warfarin, waɗannan biyu suna ƙara ƙarfinsa har jini ya iya ɓallewa. Idan gudawa ta kwana ba ta tsaya ba, asibiti za ka.

Mataki na 7: Abin sha

Giya, burkutu da ogogoro suna cikin abubuwan da aka fi tabbatar da cewa suna tayar da AF. A wani bincike da aka wallafa a 2020 daga Ostireliya, an raba mashaya 140 masu AF zuwa gida biyu. Cikin wata shida ciwon ya dawo wa kashi 53 cikin ɗari na waɗanda aka ce su daina, ya dawo wa kashi 73 na waɗanda suka ci gaba. Ga wanda ke sha, barin ta ne gyaran da ya fi saurin nuna amfani. Taba ma a bar ta.

Shayi da kofi daidai kima, bincike bai nuna suna jawo ciwon ba, don haka ba na hana kowa kofinsa na safe a sanyin Disamba. Goro yana da sinadari iri ɗaya da kofi. Mai tauna shi yini guda ya rage zuwa ɓari ɗaya, kafin azahar, ya duba littafinsa. Lemon ƙara kuzari na gwangwani da matasa da direbobi ke sha, wannan kam a rabu da shi. Zoɓo mara suga yana ɗan sauke hawan jini, kofi ɗaya ba laifi. Ruwa kuma a sha isasshe, musamman da hunturu da ƙishi ba ya damun mutum alhali jiki na bushewa. Wanda zuciyarsa ta raunana har ƙafa na kumbura, adadin da likita ya ƙayyade masa zai bi.

Mataki na 8: Nauyi, tafiya da barci

Auna ƙugunka daidai cibiya. Namiji da ya haura santimita 94, ko mace da ta haura 80, akwai aiki. Wani bincike na birnin Adelaide da ke Ostireliya a 2015 ya nuna masu ƙiba da suka rage kashi 10 cikin ɗari na nauyinsu kuma suka riƙe hakan, damarsu ta zama ba tare da tashin ciwon ba ta ninka kusan sau shida. Mai kilo 90 zai nemi sauke 9 ke nan, rabin kilo a mako ya isa. Tafiyar ƙafa ta minti 30, kwana biyar a mako, da saurin da za ka iya magana ba tare da haki ya sarƙe ka ba. Fara da minti goma a shimfiɗaɗɗiyar hanya kafin ka tunkari hawa, garin nan tudu ne.

Idan iyalinka ta ce kana minshari mai ƙarfi har numfashi na ɗaukewa, ka kai wa likita wannan magana. Ɗaukewar numfashi cikin barci tana daga manyan masu ciyar da AF gaba, kuma ana maganinta.

Mataki na 9: Magungunan kemis da na gargajiya

Ibuprofen, diclofenac, feldin da asfirin, da haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda, duk suna iya jawo zubar jini a ciki ga mai shan maganin tsinka jini. Farasitamol daidai ƙa'ida shi ne mafi aminci. Wasu magungunan mura masu buɗe hanci suna sa zuciya gudu, ka nuna wa mai kemis takardar magungunanka kafin ya ba ka.

Citta, tafarnuwa da kurkum a cikin miya lafiya lau ne. Dafa su da yawa a riƙa sha kofi-kofi a matsayin magani, ko shan ƙwayoyinsu, shi ne ke iya ƙara tsinka jini. Ƙwayoyin man kifi masu yawa an gano suna ƙara haɗarin AF, alhali cin kifin kansa sau biyu a mako yana da kyau. Jiƙon da ake tallarsa a mota da lasifika, na basir ko na ƙarfin maza ko na wankin ciki, babu wanda ya san abin da ke cikin jarkar, masu sa zawo kuma suna zubar da fotasiyam. Ina girmama iliminmu na itatuwa, amma zuciyar da ke kan warfarin ko digoxin ba wurin gwaji ba ce.

Mataki na 10: Azumi

Ko na Ramadan ko na Lent, ka ga likita wata guda kafin a fara. Maganin da ake sha sau biyu a rana, kamar apixaban, sai an tsara masa lokaci. Kada ka haɗe na safe da na dare wuri ɗaya, kada kuma ka tsallake. Buɗe baki da dabino da ruwan da bai yi sanyi ƙarara ba, a yi magariba, sannan a ci abinci kaɗan, a ƙara wani bayan tarawihi. A rarraba shan ruwa daga magariba zuwa sahur. Idan likita ya ce azumi zai cutar da kai, addini ya yi wa mara lafiya rangwame, ka tambayi malaminka yadda za ka yi.

Lokacin da za a ajiye littafi a nufi asibiti

Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta harɗe, ko gani ya ɗauke farat ɗaya, ko da abin ya wuce bayan mintuna. Ciwon ƙirji, suma, ko haki a zaune. Bugun da ya haura 120 kana hutawa kuma ya ƙi sauka. Bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, aman jini, jini a fitsari, haɓon da ya ƙi tsayawa, ko faɗuwar da kai ya bugu. A irin wannan hali kada a ɗura wa mutum ruwa ko manja ko wani jiƙo, kada a tsaya jiran gari ya waye. A lura da ƙarfe nawa abin ya fara, domin likita zai tambaya, a ɗauki kwalayen magungunansa da littafin nan a tafi da su.